Shaidar Gwaggo

"Awonki ya yi ƙarya, Dakta," in ji mijina, yana ta dariya a ɗakin gwaji.

Koriyar hoda muke zubawa a abincin shanu, mu auna ta a kashinsu, don mu san yadda abincin ke narkewa. Shi da hanyar awonsa, ni da tawa, wadda ta gaza za a yar. Tawa ta ga hoda a kashin Gwaggo, saniyar da ba mu taɓa ba ta hodar ba. Tasa ba ta ga komai ba.

Jiki a sanyaye na bi shi garke.

Gwaggo ta ɗago kai daga kwamin maƙwabciyarta, baki kore shar.

"Maigida," na ce, "ga shaidata, gaishe ta."