Sai Da Mutum Na Uku

Wendell ya maka wasiƙar a kan teburin jirgin ruwansu, har kofi ya fantsama.

"Lorna, kin ji 'yan rainin wayon nan na inshora? Wai mata da miji ba su isa su ƙetare teku ba, sai da mutum na uku! Shekara arba'in ina tuƙi, yau ɗan ofis ne zai koya min?"

"Haƙuri dai, tsohona," in ji matarsa tana goge teburin. "Gobe ma sake rubuta musu."

Ya fita yana ƙunƙuni, ya ƙura wa bakin tashar jiragen ruwa ta Lunenburg ido. Gidansu suka sayar saboda wannan tafiya. A teku kuwa karɓa-karɓa ake yi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na barci, ransa a hannun ɗan'uwansa.

Lorna ta ninke wasiƙar. Ita ta buga ta da hannunta bara, ranar da likita ya gama yi mata bayanin ciwon mantuwar da ya kama mijinta. Ta gaskiyar, wadda a cikinta kamfanin ya amince su tafi su biyu, tana ƙasan akwatinta.

Wendell ya leƙo yana murmushi.

"Baiwar Allah, ko kin ga matata? Wata wasiƙa muke jira."