Hoton Alwyn Guda Ɗaya

Glenys ta tsoma yatsa a tire na farko, ta ƙara ruwan ɗumi kaɗan, ta sake tsomawa. Ya yi daidai.

Shekara talatin da huɗu tana wanke finafinan hoton mijinta Alwyn a wannan ɗan ɗaki na bayan gidansu a garin Zeehan. Shi ya yi yawo da tsohuwar kyamararsa mai ƙafa uku yana ɗaukar masu haƙar ma'adinai da amare, ita ta wanke. Da yake ko ɗigon haske na ƙone fim, ya toshe tagar da katako, ya rataye labule biyu masu kauri a ƙofa, har yana alfahari cewa haske ba ya shiga ɗakin nan, ba ya kuma fita. A nan ya yanke jiki ya faɗi ranar Litinin. Ma'aikatan motar asibiti suka fitar da shi, tun daga ranar ba wanda ya sake leƙawa.

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki hoton rabin mutanen garin ba shi da nasa ko ɗaya. Sai makon jiya, da ya ji ƙirjinsa na yi masa wasa, ya sa rigar coci ya zauna a baranda, ya ce 'yarsu Narelle ta danna kyamarar. Sau ɗaya. Gobe jana'izarsa, kuma wannan hoton za a ɗora kan akwatin gawa.

"Mama, ki bari in kai fim ɗin garin Burnie su wanke mana," in ji Narelle daga bayan ƙofa.

"Yaran can? Ko kwanon shayi ba zan ba su su wanke ba. Je ki ga tanda, kek ɗin baƙi zai ƙone."

Kullum sai Alwyn ya ja labulen, ya ɗan yi motsi a bayanta, ya ce, "To, ranki ya daɗe, fili naki ne," sannan ta fara. Yau ta tsaya jiran maganar kamar wawiya. Da ta tuna ba mai faɗa, ta goge hannu ta jawo siririn akwatin fim ɗin.

Ta zare murfin. Fim ɗin falle ɗaya ne, faɗinsa kamar shafin littafi. Ta laluba kusurwa har ta ji 'yan tsage-tsagen nan uku, ta juya shi suka koma sama ta dama, don fuskar da hoto yake kwance a kai ta kalli sama. Ta zura shi cikin ruwan maganin.

Minti tara. Tana ɗaga gefen tiren tana saukewa, tana ƙirga bugun agogon bango. Ruwan sama na dukan kwanon rufi. Akwai wani siririn zuuu a saman kanta da ba ta saba ji ba in tana aiki, ta ce ƙila firjin kicin ne ya tsufa kamar mai shi. Igiyar da ke lilo daga rufi ta shafi gashinta, ta ture ta. Igiyar Alwyn ce, ba ta taɓa ja ba.

Tire na biyu, rabin minti. Na uku, mai warin nan da ke kama hanci, minti biyar. Ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya, ta ji daɗin haka. Ta ɗauraye fim ɗin, ta riƙe shi ta gefe da yatsu biyu.

"Narelle! An gama. Shigo ki ja igiyar fitila."

Narelle ta ratsa labule na farko, ta ratsa na biyu, hannunta a sama yana neman igiyar. Sai ta tsaya cak. Fim ɗin da ke ɗiga a hannun uwarta baƙi ne wuluk daga gefe zuwa gefe, kamar gindin tukunya.

"Kin yi shiru," in ji Glenys. "Ya yi murmushi, ko ya tsuke baki yadda ya saba?"

Ta ɗaga fim ɗin sama tana jira, idanunta da suka mutu tun tana 'yar shekara tara suna fuskantar doguwar fitilar da ma'aikatan asibiti suka kunna ranar Litinin, wadda shekara talatin da huɗu Alwyn ne ke kashe mata.