Tagar Gilashin Alhaji Hambali

Ƙasimu kafinta ya durƙusa a lungu yana tsince fasasshen gilashi. Duk a waje ya zube. Ɗakin benen kuwa, da ya hau ɗazu, ko ƙwaya bai gani a ƙasa ba.

Tagar Alhaji Hambali ce, falken goro, mutum na farko a Jakara da ya sa gilashi a gidansa. Jirgin ƙasa ya kawo masa shi daga Ikko. Shekara talatin tagar nan tana buɗe, ta nan Alhaji ke zuro kai yana tofar da tuƙar goro, har bango ya rine ja. Gilashin kwana uku ya yi. A kwana ukun nan ba baƙon da ba a ja shi sama ya gani ba, kuma kullum sai an goge shi har ya zama kamar babu.

"Jafaru ne," in ji Alhaji. "Hassada ce, dutse ya jefo."

Jafaru baduku ne, rumfarsa na ƙarƙashin tagar, jingine da bangon Alhaji. A nan yake samun abin ciyar da iyalinsa.

"Wallahi Alhaji, ina cikin ɗinki na ji abu ya zubo mini a ka."

"Rufe mini baki! Gobe sai gaban alƙali. Kuma ka kwashe fatunka daga bangona."

Ƙasimu ya hau benen. Ya auna, ya yanka sabon gilashi daga ragowar na Ikko, ya kafa shi. Alhaji na tsaye a kansa yana koya masa aikinsa, rawani janye har gira, ana tsakiyar bazara, gumi na ɗiga daga gemu.

Aka kira azahar. Maƙwabta suka jeru a ƙofar gida da butoci, Alhaji a tsakiya, bai daina zancen mahassada ba. Ya wanke fuska a gurguje. Da ya zo shafar kai, hannu ya yi abin da ya saba, ya ture rawanin baya.

Ƙasimu ya ajiye butarsa.

"Malam Jafaru, bar fatunka inda suke. An ga dutsen."

A tsakiyar goshin Alhaji ga sabon yanka, ɗanye, na mutumin da ya zuro kai zai tofar da goro, ya manta ya sa gilashi.