Tela da Jan Kifinsa

Na ji ƙorafinka a kan maginin da ke yi maka gyara. Kafin ka je ka kore shi, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani tela a birni mai akwatin gilashi a shagonsa, cike da ruwan rijiya, da yashi da 'yan ciyayi a ƙasa. Kifi ɗaya ne a ciki, ja, mai jela kamar mayafi. Marigayiya matarsa ce ta saya masa shi shekarar da ya buɗe shagon, yana ɗan mitsitsi, ga shi yanzu ya kai tafin hannu. Tela yana son kifin nan so na gaske, ko karin kumallo ba ya yi sai ya ba shi abinci. Sai wata tafiya ta kai shi Ikko, ya ga kifayen teku a wani otal, shuɗi da ruwan ɗorawa da masu zane kamar atamfa, ya dawo ya ƙwallafa rai sai ya mai da nasa akwatin na ruwan gishiri. Ya nemo wani dattijo mai wannan sana'a. Dattijo ya ce aiki zai yiwu, amma da sharaɗi: za a kwashe komai, a zuba sabon yashi da duwatsu, a dama gishirin teku, sannan a bar ruwan haka nan mako shida ba kifi ko ɗaya, har ya nuna. Jan kifi kuwa ɗan ruwan daɗi ne, shi da wannan akwati sun rabu har abada. Ya ce zai riƙe shi a gidansa kafin a san yadda za a yi. Ya sa shi a bokiti, ya kwashe tsohon yashin da ciyayin, har da injin tace ruwa, ya ɗora a babur ya tafi.

To, ka san tela. Shekara ashirin ana kawo masa yadi biyar yana ɗinka huɗu da rabi, ya fi kowa sanin inda ragowar take kwana. Tun ƙarar babur ba ta ɓace ba zuciyarsa ta fara saƙa. In kifi ne zai riƙe, me ya haɗa shi da yashi? Me zai yi da injin? Kuma wane irin ruwa ne yake nuna, sai ka ce mangwaro? Kullum yana taka keken ɗinki yana hararar akwati, ga ruwa garau, ga duwatsu, ba abin da ke motsi. Masu kawo ɗinki suna tambaya ina ja, yana cewa ya je hutu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. A mako na uku ya kai ziyarar ba-zata. Ya tarar da kifinsa a cikin baho yana wasa, ya ƙara sheƙi, jikokin dattijo sun ma raɗa masa suna. Ya kuma hango a lungu wasu gilasai da aka yanka, da tsohon yashinsa jiƙe a roba. Dattijo ya yi sauri ya ja buhu ya rufe gilasan. Shi ke nan, tela ya ce a ransa, mugu shi ya san makwancin mugu.

Bai yi faɗa ba. Ya jira ranar da ya san dattijo yana kasuwa, ya je ya ce wa matar gidan an aiko shi ya ɗauki kifinsa. Ta ce maigida ya hana a taɓa shi, ya ce kayansa ne, ya ɗauka. Da ya iso shago ya tsoma yatsa a akwati ya lasa. Gishiri kam akwai shi, har ya yamutsa fuska. Amma ya tuna ko da can in kifin ya yi laushi yakan barbaɗa masa ɗan gishiri ya warware, ashe ma magani ne. Maganar mako shida da maganar har abada duk ya ɗauke su dabarar riƙe kayan mutane. Ya juye kifin daga bokiti cikin akwati.

Kifi ya zabura, ya zaga sau biyu kamar mai neman ƙofa, sai ya taso sama yana buɗe baki. Tela ya ce murnar dawowa gida ce, ya koma kan aikinsa. Kafin ya gama haɗa wuyan riga ɗaya, kifi ya kwanta a gefe. Ya tsamo shi da hannu biyu, ya mai da shi bokiti, yana kaɗa ruwa yana kiran sunan Allah, amma aikin gama ya gama. Da la'asar sai ga dattijo a babur, matarsa ta ba shi labari, ya taho a guje. A bayansa an ɗaure sabon ɗan akwatin gilashi, an shimfiɗa tsohon yashi, an dasa ciyayi, an maƙala injin. Ya dubi bokiti, ya dubi tela, ya ce, "Na ji ka ce na marigayiya ne, shi ya sa nake haɗa masa gidansa da kayan da ya saba. So na yi in kawo maka ranar Juma'a ba ka sani ba."

Kunya da baƙin ciki suka hana tela ɗaga kai. An ce har ya bar sana'a, akwati biyu ne a shagonsa, babban cike da kifayen teku, ƙaramin kuwa ruwa da yashi kawai, bai taɓa yarda an sa masa komai ba. Nasa zaton bai ma zama gaskiya ba, alhali Hausawa cewa suka yi, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.