Sadakar Marigayiya

Shetu ta sauka daga bas a unguwar Nu'aija ta birnin Doha da takardar gargaɗin mai gidan haya a jakarta. Ranar Alhamis, ko kuɗin haya ko ta kwashe kayanta daga ɗan ɗakin da ta kama a Al Asmakh, ɗakin da katako ne ya raba shi da na wasu 'yan Nepal.

Wata uku ke nan da ta bar mijinta Sunusi. Shekara huɗu tana goge kujeru da wanke kayan aiki a wani asibitin haƙori a Al-Sadd, ba ta taɓa riƙe katin albashinta ba. Ran ashirin da bakwai ga wata kuɗi ke shiga, shi ke cira, ya ba ta na bas kamar 'yar makaranta. Taron 'yan Arewa ma ya hana ta zuwa, wai tsegumi ne. Da yake asibitin ne kafil ɗinta, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar, ba shi ba, ranar da ta gaji sai ta je banki ta canza kati, ta fita da akwati ɗaya. Abin da ta samu tun daga nan ya tafi a kafin alƙalamin ɗaki da katifa da maganin mahaifinta.

Ba wanda ya neme ta. Sai uwar Sunusi, Hajiya Zaituna, da ta kira daga Gusau ta ce mace da haƙuri aka san ta. Wallahi ranar Shetu ta yi kuka, don a duk Doha ba ta da ƙofar da za ta buga.

Wani mai gadi ne ya ce mata ƙungiyar 'yan Arewa na da asusun taimakon haya, ta nemi ma'ajiya, Anti Fausatu.

Anti Fausatu ta ba ta shayi, ta saurare ta har ƙarshe ba ta tambayi sunan mijin ba. Sannan ta sauke numfashi ta ce da ma ta zo da wuri. Asusun ya bushe ƙaf. Dama wani bawan Allah ne ke riƙe da shi, duk wata sai ya turo, mata sun fi goma da ya rufa wa asiri. A taro gaba ake ajiye masa kujera. Ya ce musu da sunan mahaifiyarsa marigayiya ya buɗe asusun bankin da yake turo kuɗin daga ciki, don ladan ya kai gare ta, shi ya sa duk Juma'ar taro sai an yi mata Fatiha.

"Wata uku ke nan shiru, 'yar nan. Mun tambaye shi, ya ce jarrabawa ce ta same shi. Kin ga na ƙarshen nan. Ki sa baiwar Allah a addu'a, ko ba ki samu ba."

Ta miƙo mata wayarta. Saƙon banki ne, ran ashirin da bakwai ga wata, ga sunan marigayiyar a matsayin mai turowa.

Shetu ta daɗe tana kallo, shayin ya huce a hannunta. Anti Fausatu har ta ɗaga hannu ta fara nema wa marigayiya rahama, tana jiran a ce amin.

Maimakon amin, Shetu ta laluba jaka ta ciro katin aikinta ta ajiye kusa da wayar, inda sunan marigayiyar yake rubuce ƙarƙashin hotonta: A'ishatu Mijinyawa.