Shaidar Mai Ruwa Ta Ƙare

Da safe kwamfuta ta tarbi 'yar jaridar da jan rubutu: shaidar wannan mutum ta canza, a yi hattara.

Mutumin shi ne wanda ta adana a jerin abokan hulɗarta da sunan Mai Ruwa. Ba ta san fuskarsa ba, balle muryarsa. Ta dai san yana aiki a kamfanin batir da ke bayan unguwarsu, kuma ya daɗe yana turo mata sakamakon gwajin ruwan da kamfanin ke sakewa cikin rafi. Rijiyoyin unguwar duk a bakin rafin suke, kuma yaran unguwar sun fara ciwon da likita ya kasa raɗa wa suna.

Tsarinsu ba shi da wuya. Saƙonsa na farko ya zo da sa hannu na na'ura, sai ta ciro shaidarsa daga ciki ta liƙa wa sunansa. Tun daga nan duk abin da ta aika masa a kulle yake tafiya, mabuɗinsa kaɗai ke buɗewa. Duk abin da ya aiko kuma, kwamfuta ta duba ta ce shi ne. Sai dai irin wannan shaida tana da wa'adi kamar magani, kuma tasa ta zaɓi makon da bai kamata ba ta ƙare. Saƙon yau, mai ɗauke da takardar da ta nuna manyan kamfanin sun san komai, da sabuwar shaida ya zo.

Editanta mutum ne da ko agogon hannunsa ya duba sai ya sake tambayar wani ƙarfe nawa.

"Wa ya ce miki shi ne?"

"Salon rubutunsa ne, ranka ya daɗe."

"Salo kowa na iya kwaikwaya. Kamfanin zai iya ƙirƙiro shaida, ya ɗana miki takardar bogi, mu buga, mu kwana a kotu. Kowace shaida tana da lambarta. Ya nuna miki lambar ta wata hanyar da ba imel ba. In ba haka ba, gobe na jefa labarin a kwandon shara."

Ta rubuta wa Mai Ruwa, ba tare da ta saka wani sirri ba, ta roƙe shi ya kira ta ya karanta mata lambar. Amsar ta zo a gajarce: "Ba na waya, ba na sa ranar haɗuwa. Za ki gani."

Ta wuni tana kallon lambar a allo har ta haddace ƙarshenta: 7C 41 E9 0B. Wayarta ba ta yi ƙara ba. Da la'asar wani ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis, ta miƙe da sauri, ashe mai gyaran fanka ne. Tsoron kada labarin ya mutu ya kama ta sosai, don ta san iyayen yaran nan da fuskokinsu.

Gida ma ba wurin hutu ba ne. Babanta a kamfanin batir ɗin yake aiki tun kafin a haife ta, a ɗakin ajiyar takardu, kuma tun da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin labarin ya ɗaure mata fuska. Mutum ne mai mantuwa, wanda komai sai ya rubuta da biro a tafin hannu, sunan magani ne ko lambar mota, har mama ta gaji da wankin tawada a matashin kai. Bara, da 'yar ke koya masa kwamfutar gida, ya tambaye ta amfanin hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa da ke jikin wasu saƙonni. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ya sa ta maimaita, sannan ya yi hamma ya ce wahalar banza ce.

Ga kuma kawu, ƙanen mama, shugaban masu gadin kamfanin. A da sai an yi haihuwa ko rasuwa ake ganinsa. Kwanan nan zumunci ya motsa masa, kullum da yamma yana falo, idonsa a kan jakar kwamfutarta.

Yau ma haka ta tarar da shi tare da baba, shayi a gabansu. Ta gaishe su, kawu ya amsa da fara'ar da ta yi yawa.

"'Yata, ya aiki? An ce kina da wani aboki a wurinmu."

"Abokaina da yawa, Kawu."

Baba ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Zo nan. Durƙusa."

Rabonta da jin wannan tun tana makaranta. Ta zo ta durƙusa a gabansa, bayansa na wajen kawu, don ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Kamfanin nan ne ya ciyar da ke, shi ya sa ki a makaranta. Yau kin yi ilimi, za ki bi maganar wani munafuki da ko sunansa ba ki sani ba. In kika buga labarin nan, ni za a fara kora, kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani, Baba."

"To ki sani."

Kawu ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi da gamsuwa. Mama ta leƙo daga kicin, ta koma. Idon 'yar ya ciko, ta sunkuyar da kai don kada kawu ya gani.

"Ɗago ki dube ni ina miki magana. Na ce ki bari. Bari!"

Baba ya ɗaga mata hannu daidai fuskarta, yatsu a ware, irin na mai tsayar da mota, ya kuma bar shi a nan fiye da yadda faɗan ke buƙata.

A tafin hannun, da shuɗin biro, cikin rubutun da ta sani tun tana yarinya, an rubuta: 7C 41 E9 0B.