Muryar Hansai a Kaset

Filomina ta danna maɓallin rikoda, kaset ya fara juyawa, sannan ta yi wa matar da ke zaune a kan benci alama da hannu ta fara magana.

Daga wata jami'a ta kudu aka turo Filomina zuwa garin Keffi, a shekarun da arzikin man fetur ya fara cika tituna da sababbin motoci. Aikinta shi ne ta naɗi muryoyin waɗanda suka taɓa fama da taɓin hankali, su faɗi da bakinsu yadda abin yake. Hausa kuwa, ko zo in kashe ki ba ta ji. Don haka mai unguwar Jigwada ya ba ta aron wani ajin firamare, ya haɗa ta da tafinta, Malam Dabo, malamin makaranta da kowa ya shaida da natsuwa da iya Turanci. Shi mai unguwar ne kuma ya sa aka fito da Hansai, tunda duk unguwa an san da lalurarta.

Malam Dabo ya gaya wa baƙuwar sunan matar da shekarunta, ya koma gefe yana jan carbi.

Hansai ba ta kalle shi ba, ba ta kalli Filomina ba. Rikodar ta zuba wa ido.

Ta ce abin ya same ta ne bayan jaririnta ya rasu. Barci ya ƙaurace mata, tana jin kukansa a cikin randa, a bayan ƙyaure, har ta riƙa fita titi ba ɗankwali tana nemansa. Wannan duk ya faru, ba ta musa ba. Amma ta daɗe da warkewa. Mai gidanta ne ya ƙi yarda. Ya rufe ta a ɗakin baya, ya kai 'yarsu Asma'u garin Panda wurin 'yar'uwarsa. In ta yi kuka ya ce ciwon ne ya tashi, in ta yi shiru ya ce ciwon ne ya kwanta.

Carbin Malam Dabo ya tsaya. Ya yi gyaran murya, ya juya maganar cikin Turanci, a taƙaice. Filomina ta yi murmushi ta gyaɗa kai.

Murmushin ne ya tsinka wa Hansai zuciya. Ba a yi wa irin wannan labari murmushi. Ta san abin da ya isa kunnen baƙuwar ba shi ne ya fito daga bakinta ba. Sai ta matso da bencin, ta sunkuya daf da rikodar.

"Duk wanda zai ji wannan, in yana jin Hausa, don girman Allah ya zo Jigwada ya tambayi Hansai. Ba magani nake roƙo ba. A zo a yi hira da ni a gani. 'Yata ta kusa isa aure, ban san ko za ta gane ni ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta lura da hakan, har ta ji daɗi. Can inda za a kai akwatin nan, ai ba za a rasa Bahaushe ko ɗaya ba.

Filomina ta tambayi tafintan me Hansai ta ce. Malam Dabo ya amsa da cewa godiya take yi, jiki da sauƙi, kuma danginta na kula da ita sosai.

Rikodar ta tsaya. Filomina ta zaro kaset ɗin, ta miƙa wa Malam Dabo kamar yadda ta miƙa masa na sauran. Shi zai saurara ya rubuce su da Turanci ya aika mata, don gobe da safe za ta bar garin. Ya karɓa da hannu biyu, ya jefa a aljihun babbar riga.

Hansai ta bi aljihun da kallo. Sannan ta tashi ta bi shi waje.

A bakin makarantar, wani dattijo a kan keke ya rage gudu, ya dubi Hansai da ke tafe kanta a ƙasa, sannan ya ɗaga wa tafintan hannu.

"Malam Dabo, yau an fito da iyalin naka shan iska ke nan? Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya saka maka da haƙurin da kake yi da ita."